Sridevi: Yadda Wadda Ba Ta Jin Hindi Ta Mallaki Fim Ɗin Hindi

Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Maraɗi a zamanin da kaset ɗin bidiyo ke tashe, da wuya a ce bai taɓa cin karo da fim ɗin macijiya ba. Haka muke kiransa, sai daga baya muka riƙe sunansa na ainihi, wato Nagina. Ni a falon wani maƙwabcinmu na fara ganinsa, mun fi mu ashirin, yara a gaba kan tabarma, matan gida a baya, an rufe taga da zani saboda haske. A cikinmu babu mai jin Indiyanci ko na sisin kwabo, kuma lokacin ba a fara fassara ba. Amma da gardin nan ya kafa mabusarsa a baki, matar da ke cikin fararen kaya ta juyo, ƙwayar idonta ta rikiɗe, sai falon ya yi tsit. Wata dattijuwa da ke bayanmu ta ja mayafinta ta ce, "A'uzubillahi, wannan kam ba mutum ba ce."

Ba wanda ya yi mana bayanin labarin, amma kowa ya gane shi. Mun gane cewa matar nan tana ɓoye wani abu, tana son mijinta da gaske, kuma busar nan tana jan ta ne ba da son ranta ba. Duk a fuskarta muka karanta.

Sai da na girma na gano wani abu da ya sa na koma na sake kallon fina-finanta da wani ido daban. Ita kanta jarumar, Sridevi, lokacin da ta shigo fim ɗin Hindi ba ta jin harshen. Haddace mata layukan ake sa ta yi, ta faɗa a gaban kyamara, daga baya a kawo wata ta ɗora murya. Mu da muke zaune a tabarma da ita da ke cikin akwatin talabijin, kusan matsalarmu ɗaya ce. A ganina daga nan ya kamata a fara duk wani waiwaye a kan aikinta, domin rashin harshen nan shi ya tilasta mata gina wani harshe na ido da gira da kafaɗa da tafiya, kuma da shi ta yi sarauta.

Kafin a gane wannan sai an warware wani ruɗani da muke yi. Mu a nan komai "Indiya" ne. Alhali masana'antar fim a Indiya ba ɗaya ba ce. Akwai ta Bombay, wadda yanzu ake ce wa Mumbai, mai yin fim da Hindi. Akwai na kudu masu yi da Tamil da Telugu da Malayalam da Kannada, waɗanda a zamanin ƙuruciyar Sridevi yawancinsu a birnin Madras, wato Chennai ta yau, suke aiki. Tamil da Hindi ba dangin juna ba ne ko kaɗan, tazarar da ke tsakaninsu ta kai wadda ke tsakanin Hausa da Yarbanci. Yawancin fina-finan da masu fassara irin su Algaita ke juya mana a 'yan shekarun nan, na su Prabhas da Allu Arjun da Vijay, daga kudun suke. To Sridevi 'yar can ce.

An haife ta ranar 13 ga Agusta, 1963, a yankin Sivakasi na jihar Tamil Nadu. Mahaifinta lauya ne mai jin Tamil, mahaifiyarta Rajeswari kuma daga ɓangaren masu jin Telugu take. Tana da shekara huɗu aka fara sa ta a fim. A 1969 ta fito a Thunaivan a matsayin Muruga, ɗaya daga cikin abin bautar Hindu, wato yarinya ƙarama tana taka rawar yaro namiji. A 1971 jihar Kerala ta ba ta kyautar gwarzuwar yara saboda Poompatta, fim ɗin Malayalam. Tun ba ta kai shekara goma ba ta saba da tsayawa a gaban kyamara tana faɗin kalmomin da ba na gidansu ba.

Akwai abin da ba ya yi mini daɗi a wannan ɓangare na tarihinta, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Yarinyar nan ba ta samu zaman makaranta irin na sauran yara ba, ɗakin ɗaukar fim ne ya zame mata aji. A 1976, tana da shekara 13, darakta K. Balachander ya ba ta rawar babbar mace a Moondru Mudichu, tare da Kamal Haasan da Rajinikanth, inda a labarin ta auri mahaifin Rajinikanth ta zama matar ubansa. A 1972 ta fito a matsayin jikar N. T. Rama Rao a fim ɗin Telugu mai suna Badi Panthulu. Shekara bakwai bayan nan, a Vetagadu, ita ce budurwarsa, shi kuwa ya girme ta da shekara 40. Masana'antar ta ci moriyar baiwarta tun ba ta san ciwon kanta ba. Masu hira da ita sun sha faɗa cewa idan ba a gaban kyamara take ba mace ce mai kunya, mai ƙarancin magana, amsa ɗaya biyu ta yi shiru. Ina ganin wanda aka raine shi a haka dole wani sashe nasa ya zauna a rufe.

Duk da haka, aikin da ta yi a Tamil tsakanin 1976 da 1982 yana cikin mafi kyawun da ta taɓa yi, kuma shi ne wanda mu a nan muka fi ƙarancin sani. A 16 Vayathinile na 1977, wanda Bharathiraja ya ba da umarni, ta fito a matsayin Mayil, 'yar ƙauye mai burin zama malamar makaranta, wadda wani ɗan birni ya yaudara. Babu kwalliya mai nauyi, babu ƙyale-ƙyale. An sake yin wannan labari da Hindi a 1979 da sunan Solva Sawan don a gabatar da ita ga mutanen arewacin Indiya, amma fim ɗin bai karɓu ba, ta koma kudu abinta.

Sai 1983, shekarar da ta raba rayuwarta gida biyu. Biyu daga cikin fina-finanta na Hindi da suka fito a shekarar sun yi hannun riga da juna.

Na farko Himmatwala ne, tare da Jeetendra. Fim ne na kasuwa tsantsa: rawa a bakin teku tsakanin ɗaruruwan tukwane masu launi, kaya masu ƙyalli, bos mai gashin baki. Ya yi ciniki ƙwarai, kuma daga nan furodusoshi suka yi ta maimaita abu ɗaya, ita da Jeetendra, sau da yawa har da Jaya Prada a matsayin abokiyar takara, kamar a Tohfa na 1984. Jaridun Bombay suka riƙa rubutu a kan jikinta fiye da wasanta. Yawancin fina-finan wannan zango ba su da wani abin a zo a gani, kuma ba zan ɓata lokaci a kansu ba.

Na biyun shi ne Sadma, wanda bai yi ciniki ba a lokacin, amma yau da wuya a yi maganar Sridevi ba a ambace shi ba. Darakta Balu Mahendra ne ya sake yin fim ɗinsa na Tamil, Moondram Pirai na 1982, da jaruman nan dai, ita da Kamal Haasan. Labarin budurwa ce da ta yi haɗarin mota ta bugu a ka, hankalinta ya koma na yarinya 'yar shekara shida ko bakwai. Ta faɗa hannun mugaye, wani malamin makaranta ya cece ta, ya tafi da ita garin Ooty mai tsaunuka yana kula da ita kamar 'yarsa, a hankali son ta ya kama shi.

Babban mutum ya yi wasan yaro abu ne mai haɗari. Yawancin waɗanda suka gwada, a Indiya ko a namu fina-finan na Hausa, sai su ɓige da maƙale murya da turo baki, mai kallo ya ji haushi. Sridevi ta bi wata hanya. Ta lura da yadda yaro ke ba abu ɗaya hankalinsa kacokan, sannan cikin ƙiftawar ido ya manta da shi ya koma wani. Duba yadda take rungumar ɗan kwikwiyon nan, yadda take zama ƙafa a miƙe ba ruwanta da yadda zaninta ya kwanta, yadda kuka ke zuwar mata gaba ɗaya babu shiri, kuma ya ɗauke gaba ɗaya da an nuna mata wani abin sha'awa. Mace mai shekara 19 ta cire duk wata alamar sanin cewa ana kallon ta, wanda shi ne ainihin abin da ya raba yaro da babba.

Ƙarshen fim ɗin kowa Kamal Haasan yake yaba wa, kuma ya cancanta, har ya samu kyautar ƙasa ta gwarzon jarumi a kan na Tamil ɗin. Ta warke, ta manta da duk zaman da suka yi, tana cikin jirgin ƙasa za ta koma gida. Shi kuma ya iso tasha jina-jina, caɓa-caɓa da laka, yana tsalle yana kwaikwayon biri kamar yadda yake yi mata da, ko za ta tuna. Amma a sake kallon wurin a bar shi, a dubi fuskarta ta taga. Babu ƙiyayya, babu ko ɗigon tunawa, tausayi ne kawai irin wanda ake yi wa mahaukacin da ba a sani ba, har ta ba shi abinci a zaton almajiri ne. Da ta bari ko ɗan motsin gira ya nuna kamar ta so ta gane shi, da wurin ya lalace. Wannan riƙe fuska da ta yi shi ya sa tsallensa yake ƙona zuciya.

A waɗannan shekaru, muryar da ake ji a yawancin fina-finanta na Hindi ta wata tsohuwar jarumar yara ce mai suna Naaz. A Aakhree Raasta na 1986 kuwa Rekha ce ta ɗora mata murya. Duk ɗan wasa ya san rabin makaminsa a murya yake: inda za ka ja numfashi, inda za ka karya kalma, inda za ka sauke sauti. An ƙwace mata wannan rabin, sai ta ninka ɗayan.

A Nagina na 1986 aka ga amfanin hakan a fili. A masana'antar da namiji ke ɗaukar fim a kafaɗarsa, mace kuma a kawo ta don waƙa uku da kuka ɗaya, ga fim wanda jaruminsa Rishi Kapoor ne, bos ɗinsa Amrish Puri, amma kowa ya san don wa aka sayi tikiti. Rawar ƙarshe, wadda Saroj Khan ta tsara, Lata Mangeshkar kuma ta rera waƙarta, ita ce zuciyar fim ɗin. A wurin abu biyu take yi a lokaci guda. Jikinta yana bin busar gardin, tana birgima, tana ɗaga hannu sama da kai kamar gamsheƙa ta fasa kai, tana kai sara. Idonta kuwa yana gaya masa cewa ba zai ci galaba a kanta ba. Jiki ya miƙa wuya, ido ya ƙi. Ba a buƙatar kalma ko ɗaya don a fahimci wannan, shi ya sa ya ratsa har falon maƙwabcinmu.

Kuma labarin bai zo mana a baƙo ba. Mun taso da tatsuniyoyin aljana da ke rikiɗa ta auri ɗan'adam, mun san gardawa masu wasa da maciji a kasuwa, mun san uwar miji da ke zargin surukarta har ta je ta nemo mai magani. Fina-finan Indiya sun daɗe a ƙasar Hausa tun zamanin da 'yan kasuwa Lebanawa ke kawo su gidajen silima, kuma a Kano an yi ta cika Plaza da Marhaba da El Dorado dominsu. Amma silima wurin maza ne. Kaset da talabijin ne suka shigar da fim ɗin Indiya cikin gida wurin mata, kuma tashen Sridevi ya faɗo daidai wannan lokaci.

Wani abin da ya bambanta ta da sauran manyan jarumai mata shi ne ban dariya. A al'adar fim ɗin Hindi, jaruma kyakkyawa ba ta ɓata fuskarta, akwai waɗanda aka ware don barkwanci. Sridevi ba ta jin tsoron ta zama abin dariya. A Mr. India na 1987, wanda Shekhar Kapur ya ba da umarni, ta fito a matsayin Seema, 'yar jarida mai rawar kai da ta kama hayar ɗaki a gidan marayu alhali ba ta son hayaniyar yara. Akwai wurin da ta yi shigar Charlie Chaplin, da ɗan gashin baki da hula da sanda, ta shiga gidan caca ta hargitsa shi. A waƙar Hawa Hawai kuwa tana harɗe ido, tana murguɗa baki, tana yi kamar za ta faɗi, duk a cikin takun rawa da bai kuskure ko sau ɗaya ba. Ba mamaki da Chaplin ya yi mata daidai, don shi ma sarkin fim ɗin da ba a magana ne.

Sai dai akwai abin da ni a matsayina na baƙar fata ba na iya kau da kai a kansa a wannan waƙa: mazan da ke rawa a bayanta an shafe musu fuska da baƙi an sa musu gashin roba don a yi dariya. Muna yara ba mu lura ba. Yanzu idan na kalla sai na ji wani abu ya tokare ni. Laifin masu shirya fim ɗin ne, amma yana nan a cikin aikin, kuma ya nuna yadda masana'antar da muke ƙauna take kallon irinmu.

Idan aka ce in zaɓi fim ɗaya da zan nuna wa ɗalibin wasan kwaikwayo, ChaalBaaz na 1989 zan ɗauka. Labarin tagwaye ne da aka raba tun suna jarirai, tsohon labari ne, Hema Malini ma ta yi irinsa a Seeta Aur Geeta a 1972. Anju ta tashi a gidan dukiya a hannun kawu mugu da ke gana mata azaba. Manju ta tashi a unguwar talakawa, mai rawa ce a titi, mai tsiwa, ba ta barin ko-ta-kwana. Ƙaddara ta sa suka yi musanyen wuri. Abin lura shi ne, ko da an sa musu kaya iri ɗaya, ko an kashe sauti, za ka san wace ce wace. Anju kafaɗunta a tattare suke, idonta yana ƙasa, tana shiga ɗaki ta gefen bango kamar mai neman gafarar iska. Manju da ƙirji take fara shiga, tana tafiya tana watsa hannu, tana kallon mutum tsakar ido. Sai kuma mataki na uku, wanda ya fi wuya: wurin da Manju ke kwaikwayon Anju don ta yaudari mutanen gidan, inda dole mai kallo ya ga ladabin na ƙarya ne, su kuma na cikin fim kada su gani. Ta samu kyautar gwarzuwar jaruma ta Filmfare, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan fim a Indiya, a kan wannan fim.

A wannan shekarar dai Chandni na Yash Chopra ya fito, kuma shi ake ambatawa a matsayin fim ɗin da ta fara ɗora muryarta da kanta a Hindi. Muryar siririya ce, mai ɗan rawa, kuma lafazin kudu bai taɓa barin ta ba har ƙarshen rayuwarta. Wasu sun yi ta yi mata ba'a a kai. Ni kuwa ina ganin daga nan wasanta ya ƙara zurfi, domin rawar muryar ta dace da raunin da idonta ya daɗe yana nunawa. A Lamhe na 1991 ta fito a matsayin uwa da kuma 'yarta, inda 'yar ta kamu da son mutumin da ya taɓa son mahaifiyarta. Mutanen Indiya ba su karɓi labarin ba a lokacin, kuma na san da yawa daga cikinmu ma ba za su karɓa ba, amma ya kawo mata wata kyautar Filmfare. Ana cikin ɗaukar fim ɗin mahaifinta ya rasu. A Khuda Gawah na 1992, wanda aka ɗauki wani sashe nasa a Afganistan, ta sake yin uwa da 'ya, ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da Amitabh Bachchan a zamanin da sauran mata ke zama ado kawai a gefensa.

Daga nan tauraron ya fara dusashewa. Madhuri Dixit ta taso da ƙarfi, Roop Ki Rani Choron Ka Raja na 1993 ya ci maƙudan kuɗi ya faɗi ƙasa warwas. An yi wa mahaifiyarta aikin ƙwaƙwalwa a Amurka a 1995 aka yi kuskure, ta rasu a shekarar da ta biyo baya. A 1996 ta auri furodusa Boney Kapoor, yayan Anil Kapoor, wanda yake da mata da 'ya'ya biyu a lokacin, abin da ya jawo mata surutu mai yawa a ƙasar da dokar auren Hindu ba ta yarda da mace biyu ba. Fim ɗinta na ƙarshe a wannan zango shi ne Judaai na 1997, labarin matar da kwaɗayin kuɗi ya sa ta yarda wata mai dukiya ta auri mijinta a kan rupi miliyan 20, ta jawo wa kanta kishiya da hannunta. Matanmu sun ji wannan fim a jikinsu, kuma ba sai an faɗi dalili ba. Bayan shi ta koma gida ta raini 'ya'yanta biyu, Janhvi da Khushi. In ban da wani shirin talabijin da ta yi a 2004, shekara 15 ba ta ja ragamar wani sabon fim ba.

A Bombay, jarumi namiji yana iya kai shekara 60 yana soyayya da 'yar 20 a fim. Mace kuwa da ta yi aure ta haihu, sai dai a kira ta ta zo ta yi uwar jarumi. Wannan ma ba baƙon abu ba ne gare mu, mun ga yadda aure ke rufe littafin jarumai mata a Kannywood. Don haka dawowar da ta yi a 2012, tana da shekara 49, a matsayin wadda fim ya rataya a wuyanta, abu ne da ba a saba gani ba.

Kuma dubi labarin da ta zaɓa ta dawo da shi. English Vinglish, wanda wata mace, Gauri Shinde, ta rubuta ta kuma ba da umarni, labarin Shashi ne, matar aure mai sana'ar laddu, wani kayan zaƙi da take yi a gida tana sayarwa kamar yadda matanmu ke yin alkaki da dubulan. Mijinta da 'yarta suna raina ta saboda ba ta jin Turanci. Ba duka, ba zagi, sai dai dariyar ƙasa-ƙasa a teburin cin abinci idan ta karya kalma, da kunyar da 'yar ke ji idan uwar ta zo makarantarsu. Bikin 'yar 'yar'uwarta ya kai ta New York, a can ta shiga ajin koyon Turanci na mako huɗu a ɓoye.

Akwai wurin da ta shiga shagon shan kofi za ta sayi abin ci. Mai sayarwa tana jero mata tambayoyi da sauri, layi ya taru a bayanta, ta rikice, ta yi karo da wani, kaya suka zube, ta fita da gudu ta zauna a kan benci tana kuka. Na kalli wannan wuri tare da wata yayata wadda aka cire daga makaranta tun tana aji uku na firamare. Ba ta ce komai ba sai da aka gama, sannan ta ce, "Haka nake ji duk ranar da na je asibiti ko banki aka miƙo mini takarda." Mata nawa ne a gidajenmu ke riƙe da gida da sana'ar hannu, suna biyan kuɗin makarantar yaran da za su dawo suna gyara musu Turanci cikin raini?

Abin da ya sa na yarda da Shashi shi ne wadda ke wasan ta san ciwon daga ciki. Yadda take motsa leɓe a ɓoye tana gwada kalma kafin ta furta, yadda take murmushin kare kai idan ba ta gane abin da aka ce ba, yadda take gyara gefen sarinta don hannunta ya samu abin yi, waɗannan ba a rubuta su a takarda. Mace ce da ta yi shekaru a Bombay ana magana a kanta da harshen da ba ta ji. A jawabin da Shashi ta yi a wurin bikin, da Turancinta mai ɗingishi, Sridevi ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kukan fim ba. Tana tsayawa, tana neman kalma, tana samu, tana ci gaba. A 2013 gwamnatin Indiya ta ba ta lambar girma ta Padma Shri.

Mom na 2017 shi aka ƙirga a matsayin fim ɗinta na 300, shekara 50 cif bayan fara wasanta. Ta fito a matsayin Devki, malamar makaranta, matar uba ga wata budurwa da ta ƙi kiran ta uwa. Aka yi wa yarinyar fyaɗe, kotu ta saki waɗanda suka yi, Devki ta ɗauki doka a hannunta. Ina da ja a kan fim ɗin, don yana sa mai kallo ya yi tafi ga ramuwar gayya ba tare da ya tsaya ya yi tunani ba. Amma wurin da ta isa asibiti ta ga halin da yarinyar ke ciki, kukan da ya fito mata ba irin na jarumai ba ne mai kyan gani. Fuska ta yamutse, jiki ya naɗe, sauti ya fito kamar daga hanji. Wadda ta yi wasan 'yarta, Sajal Aly, 'yar Pakistan ce, haka ma Adnan Siddiqui da ya yi mijinta.

Ranar 24 ga Fabrairu, 2018, ta rasu a ɗakinta na otal a Dubai, bayan ta je ƙasar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa bikin wani ɗan'uwan mijinta. Da farko an ce bugun zuciya ne, daga baya rahoton hukumomin Dubai ya ce ta suma ne ta nutse a bahon wanka. Shekarunta 54. Wasu gidajen talabijin na Indiya sun yi abin kunya a kwanakin, har da masu shiga baho a gaban kyamara suna kwatanta yadda abin ya faru. Ba ta ga fim ɗin farko na 'yarta Janhvi ba, wanda ya fito watanni biyar bayan nan. Kyautar ƙasa ta gwarzuwar jaruma, wadda ba ta samu a Moondram Pirai ba, ba ta samu a ChaalBaaz ko English Vinglish ba, sai bayan rasuwarta aka ba ta a kan Mom. Mijinta da 'ya'yanta biyu ne suka hau suka karɓa daga hannun shugaban ƙasa a watan Mayu na shekarar.

An yi jana'izarta a Mumbai ranar 28 ga Fabrairu bisa al'adar Hindu, da karramawar gwamnati, dubban mutane suka cika tituna. Jan sari na Kanjivaram aka sa mata, irin wanda ake saƙawa a Tamil Nadu. Bayan 'yan kwanaki iyalinta suka ɗauki tokarta suka nufi kudu, suka zuba a teku a Rameswaram, a jihar da aka haife ta.